Yadda na samu izinin auna ƙasar makiyaya a Fukushima, da abin da ƙasar ta nuna

Ɗalibai 'yan'uwa masu karatun fiziks da kimiyyar ƙasa sun sha turo min tambaya iri ɗaya: wai yaya mutum yake shiga yankin da aka kwashe jama'a a Fukushima har ya ɗebo ƙasa, kuma ashe ba kai rai kasuwa ba ne? Na ga gara in rubuta bayanin gaba ɗaya, daga takardar farko har zuwa sakamako. Aikin na yi shi ne a 2019, ina digiri na biyu a wata jami'a da ke arewacin Japan. Dokokin shiga suna sauyawa saboda ana ta buɗe wasu unguwanni a hankali, don haka wanda zai tafi yanzu ya sake tambaya, amma tsarin matakan yana nan yadda yake.

Ga wanda bai san asalin maganar ba, ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da igiyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi. Ranar 15 ga watan iska ta kwashi burɓushin nukiliya ta yi arewa maso yamma da shi, ruwan sama da ƙanƙara suka sauke shi a kan dazuzzuka da gonaki da filayen kiwo na garuruwa irin su Namie da Iitate. Iitate kuwa gari ne da ya yi suna da naman shanu. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci a cikin burɓushin. Akwai ayodin 131, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk kwana 8, saboda haka cikin 'yan watanni ya zama tarihi. Akwai sisiyam 134 mai raguwa da rabi a shekara 2 da 'yan kwanaki, sai sisiyam 137 wanda sai ya shekara 30 kafin ya ragu da rabi. Tambayar da malamina ya ɗora min ita ce: mutumin da ke tsaye a filin ciyawar da ba a taɓa ba tun 2011, radiyeshan nawa yake samu daga ƙasa, kuma me ya sa adadin yake sauka da sauri fiye da yadda lissafin waɗannan shekarun ya nuna?

Matakin farko ba shi da alaƙa da Fukushima kwata-kwata. Sai jami'a ta yi maka rajista a matsayin mai aiki da radiyeshan, kuma wannan yana buƙatar abu biyu: kwas da gwajin lafiya. Kwas ɗin yini ne sukutum a aji, ana koyar da illar radiyeshan a jiki, da yadda ake sarrafa kayan aiki, da doka. A nan na haddace iyakar da dokar Japan ta sa wa ma'aikaci: milisibat 50 (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshan da jiki ya ɗauka) a shekara ɗaya, kuma kada ya wuce 100 a shekara biyar. Inda gizo ke saƙa shi ne ba kullum ake yin kwas ɗin ba, na masu jin Ingilishi ma ya fi ƙaranci. Idan ka iso bayan an yi, sai ka zauna jiran zango na gaba, takwarorinka suna daji kana ɗakin karatu. Gwajin lafiyar kuma jini ake ɗiba a ƙirga ƙwayoyinsa, a duba ido da fata, a tambaye ka ko ka taɓa aiki da radiyeshan a baya. Wanda ya taɓa aiki a asibiti ko a cibiyar makamashi ta Zariya, ya taho da takardar tarihin abin da bajonsa na auna radiyeshan ya ɗauka, don za a nema. Ban biya ko sisi ba a wannan mataki, sashenmu ne ya ɗauki nauyi. Bayan sakamako ya fito aka ba ni bajo, ɗan ƙaramin abu da ake maƙalawa a ƙirji, ana karɓarsa duk ƙarshen wata a kai a karanta.

Mataki na biyu shi ne izinin shiga, kuma shi ya fi cin rai. Filin da muke so yana cikin yankin da gwamnati ta ware a matsayin mai wuyar komawa, wato inda aka ƙiyasta mutum zai samu sama da milisibat 50 a shekara lokacin da aka shata iyakokin. Ba ɗalibi ne ke nema ba, malami ne ke rubutawa da sunan jami'a zuwa ga hukumar garin. Ana haɗa bayanin aikin, da taswirar wurin, da rana da sa'ar shiga da fita, da sunan kowane mutum, da lambar motar da za a shiga da ita. Kafin wannan duka sai an samu yardar mai filin a rubuce. Mutane suna mantawa cewa duk da an kwashe jama'a, kowace gona da mai ita, kuma galibinsu suna warwatse a wasu garuruwa. Namu wani dattijo ne mai kiwon shanu a da, kuma sai da malamina ya je har gidan da yake zaune ya gaishe shi kafin a kawo maganar takarda. Izini ya fito, muka sa rana a watan Oktoba, sai guguwar Hagibis ta faɗo ranar 12 ga watan, kogin Abukuma ya yi ambaliya, hanyoyin kan tsauni suka zaizaye. Izinin kuwa na takamaiman rana ne, idan ta wuce ya mutu. Haka muka sake cike komai. A wannan tsakanin ne Inna ta kira ni ta ce, “Ɗan nan, wai gaskiya ne gurin da mutane suka gudu can za ka?” Na ce, “Inna, da awo ake shiga, da awo ake fita.” Ta ce to Allah ya tsare, amma daga muryarta na san ba ta gamsu ba.

Ranar shiga muka yi sammako. A shingen bincike masu gadi suna riƙe da jerin sunaye, suna gwada shi da katin zama na kowa harafi bayan harafi. Wani ofishi a hanya ya juya jerin sunayena, ya sa na mahaifina a farko, sai ga mu a gefen titi ana ta buge-bugen waya kafin a ɗage mana ƙarfe. Mu masu suna uku wannan yana yawan faruwa da mu, don haka ka nemi ganin kwafin izinin tun kafin ranar. Bayan shinge muka sa fararen kaya na yarwa, da takunkumi, da safar hannu biyu, da leda a kan takalmin roba. Kayan nan ba sa tare radiyeshan ko kaɗan, hasken gama, wato nau'in radiyeshan ɗin da sisiyam ke fitarwa, yana ratsa su kamar babu. Amfaninsu kawai kada ƙura ta manne a tufafinka ko ta shiga bakinka. Shi ya sa aka hana ci da sha da shan taba a fili. Aka kuma ba kowa ƙaramar na'urar aljihu mai nuna abin da ya taru a jikinsa tun daga shinge. Abin da ya fi taɓa ni a hanya shi ne gidajen: labule a rataye, keke a jingine, ciyawa ta kai taga. Maganar salla ma a yi mata shiri. Na yi alwala tun a masauki, na kuma jinkirta azahar na haɗa da la'asar bayan mun fito, tunda ƙasar wurin ba ta shimfiɗa darduma ba ce, balle taimama.

Filin yana kan gangare, dutse ya yi masa yawa, shi ya sa tarakta ba ta taɓa hawansa ba. Awon farko na iska ne. Ana riƙe na'ura a tsayin mita ɗaya daga ƙasa, daidai inda gaɓoɓin cikin babban mutum suke, a miƙa hannu nesa da jiki don kada jikinka ya tare wani sashe, a jira kamar daƙiƙa talatin lamba ta natsu, sannan a karanta sau biyar a fitar da matsakaici. A tsakiyar filin mun samu kimanin maikirosibat 3 a sa'a (maikirosibat dubu shi ne milisibat ɗaya). Ga ma'auni: Japan ta ɗauki 0.23 a sa'a a matsayin abin da ke daidai da ƙarin milisibat 1 a shekara, bisa zaton mutum yana yin sa'a 8 a waje da sa'a 16 a cikin gidan katako mai rage abin zuwa kashi 40 cikin ɗari. A irin wannan lissafin, 3.8 a sa'a shi ne milisibat 20 a shekara, iyakar da ake dubawa kafin a bar mutane su koma. Wani abu da ba a ganewa sai an riƙe na'urar: ba ƙasar ƙarƙashin ƙafarka kaɗai take karantawa ba. Hasken gama yana zuwa daga mitoci da yawa a kewaye, saboda haka da muka matsa kusa da bakin dajin da ke gefe, lamba ta hau, domin ganyen da ya zube a dajin yana riƙe da nasa sisiyam ɗin. A kwarin da ruwa ke taruwa a ƙasan gangaren ma ta hau.

Sai babban aikin, ɗibar ƙasa bene-bene. Ana kafa wani firam na ƙarfe mai faɗin santimita 15 da tsawon 30, a aske ciyawar da almakashi a sa a leda daban, a kwashe busasshen ganye a sa a wata. Daga nan ake kankare ƙasa da faranti mai daidaita zurfi, rabin santimita a kowane zagaye har zuwa santimita biyar, sannan santimita ɗaya-ɗaya zuwa goma. A filin ciyawa wannan azaba ce. Santimita biyu ko uku na sama ba ƙasa ba ce zalla, saiwoyi ne suka saƙu da juna, faranti ba ya yankawa sai ka bi da almakashi, gilashin ido yana ta yin gumi saboda takunkumi. Kowane bene da ledarsa da lambarsa, a auna nauyinsa a sikeli nan take, a goge faranti da buroshi, a canja safar hannu. Idan ƙwayar ƙasa daga benen sama ta gangaro ta faɗa na ƙasa, ta lalata maka sakamako, domin na saman ya fi na ƙasan ƙarfi ninkin ba ninki. Zaɓen wuri ma sai da ido. Aladun daji sun yawaita tun da mutane suka tashi, suna tone ƙasa neman saiwa da tsutsa, kuma duk inda suka tona sun cakuɗa benayen. Muka zaga sosai kafin mu samu wurin da ba su taɓa ba.

Dattijon mai filin ya samu nasa izinin ya biyo mu. Ya tsaya yana kallona a durƙushe, ya tambaya ta bakin abokin aikina daga ina nake. Da aka ce masa Najeriya, ya tambayi ko muna kiwon shanu, na ce har fiye da nasu. Ya nuna mana wani fili a ƙasan hanya wanda aka kankare samansa don gwaji, ya ce lamba ta sauka ƙwarai, amma baƙar ƙasar da mahaifinsa ya shekara yana zuba wa taki tana cikin baƙaƙen buhuna, abin da aka zuba a madadinta kuwa jar ƙasar dutse ce marar abinci. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi a wuraren da abin ya yi yawa: a cire kamar santimita biyar na sama, a kai ma'ajiyar wucin gadi da ke Okuma da Futaba, inda doka ta ce dole a fitar da ita daga jihar Fukushima nan da Maris 2045. Inda abin bai yi tsanani ba, garma ake sawa a kife ƙasar zuwa zurfin santimita 30, a zuba takin fotash, a sake shuka ciyawa.

A hanyar fita akwai wurin tantancewa. Ana bi da na'ura a kan tafin takalmi, da hannu, da tayoyin mota, da ledojin samfur. Iyakar ita ce ƙirge 13,000 a minti, abin da ya wuce haka sai an wanke shi ko a bar shi a can. Fararen kayan a nan ake tuɓe su a zuba a buhu. Na'urar aljihuna ta nuna abin da bai kai wanda mutum ke samu a jirgi daga Najeriya zuwa Japan ba, tunda can sama ma akwai radiyeshan na sararin samaniya. A ƙarshen wata sakamakon bajo ya zo da alamar cewa bai kai milisibat 0.1 ba, wato ƙasa da abin da yake iya gani. Na ɗauki hotonsa na tura gida.

Aikin ɗakin gwaji ya fi na daji tsawo nesa ba kusa ba. Kowane samfur sai an shigar da shi rajista, a busar da shi a zafin digiri 105, a sake auna nauyi don sanin ruwan da ke ciki, a tankaɗe da rariya mai ido milimita biyu, a cusa a ɗan kofin roba, a rubuta tsayin ƙasar a cikin kofin. Na'urar ƙirgen ta jamaniyam ce, tana zaune cikin akwatin dalma, ana sanyaya ta da ruwan naitirojin. Layi ake bi, kuma ɗalibi sabo na dare ne rabonsa. Samfuran sama cikin 'yan mintoci suke ba da amsa, na can ƙasa kuwa sai su kwana a ciki. A allon kwamfuta sisiyam 137 yana fitowa da tsini dogo a lamba 662, na 134 yana 605 da 796, amma a 2019 sun zama gajeru ƙwarai. Duk sakamako sai an mayar da shi ga rana ɗaya ta hanyar lissafi, in ba haka ba ba za a iya gwada samfurin Nuwamba da na Janairu ba.

Ga abin da ya fito. A 2011 sisiyam 134 da 137 sun sauka kusan daidai wa daida, amma 134 ya fi ɗan'uwansa ba da radiyeshan na waje kusan sau 2.7. Saboda haka a shekarun farko mafi yawan abin da na'ura ke karantawa daga 134 ne, shi kuma mai saurin mutuwa ne. Bayan shekara takwas da rabi abin da ya rage na 134 bai kai kashi 6 cikin ɗari ba, na 137 kuwa kashi 82 yana nan. In ka haɗa, lissafi ya ce radiyeshan ɗin sisiyam ya kamata ya dawo kamar kashi ɗaya cikin huɗu na farko. Da muka gwada da tsohon awon filin, saukar ta fi haka. Sisiyam ɗin bai bar filin ba, jimillar da muka samu a benaye goma sha biyar ta nuna yana nan. Nutsewa ya yi. Mafi yawansa har yanzu yana cikin santimita biyar na sama, sai dai ya bar kan ganye da fuskar ƙasa ya shige cikin saiwoyi da ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Kamar garwashi ne da toka ta rufe: wutar tana nan, amma zafin da ke iso ka ya ragu. 'Yar nutsewar nan tana da tasiri fiye da yadda ake zato, domin hasken da ke zuwa daga nesa a karkace yake tahowa, dole ya ratsa ƙasa mai kauri kafin ya fito. Shi ya sa kifewa da garma take aiki, kuma shi ya sa rufin ƙasa mai kaurin santimita 30 yake tare kusan kashi 98 cikin ɗari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙasar da ke kare ciyawa ita ce take tsawaita radiyeshan na waje. Ƙasa mai yumɓu, musamman mai ma'adinai dangin maika, tana kama sisiyam ta riƙe gam, saiwa ba ta iya zuƙarsa sosai, ruwa ma ba ya wanke shi zuwa ƙasa. Ciyawa da madara suna samun sauƙi, amma sisiyam yana zaune a sama yana haska mai tsayuwa a kai. A ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da yawa da ƙarancin yumɓu kuwa, ciyawa tana ta zuƙarsa shekara da shekaru. Abin da ya faru ke nan a tsaunukan Birtaniya bayan hatsarin Chanobil na 1986, inda takunkumin sayar da tumaki a wasu gonaki bai tashi gaba ɗaya ba sai 2012. Takin fotash da ake zubawa a Fukushima don wannan ne: shuka tana ɗaukar sisiyam ne a madadin fotasiyam, sinadarin da ke cikin takin, idan ta ƙoshi da na gaske sai ta rage ɗaukar ɗayan. Amma fotash ba ya rage ko ɗigo na abin da na'ura ke karantawa a mita ɗaya. Matsala biyu ce daban, kowacce da awonta: ta abinci da bekarel, wato ma'aunin ƙarfin burɓushin da ke cikin abu, a kowane kilo, inda iyakar Japan ta zama 100 tun Afrilun 2012, ta waje kuma da maikirosibat a sa'a.

Mun koma filin da hunturu, da sabon izini, ƙanƙara ta lulluɓe shi. A daidai turakun da muka kafa lamba ta faɗi sosai, alhali babu abin da ya canja a ƙasan. Ruwa ma yana tare gama, ko ƙanƙara ne a sama ko danshi a cikin ƙasa. Don haka duk wanda ya nuna maka awo biyu ya ce wuri ya gyaru, tambaye shi watan da aka yi kowanne da yanayin ranar.

Shawarata ga mai zuwa: tun kana gida ka tambayi ranar kwas ɗin radiyeshan, ka daidaita isowarka da ita. Ka sa ranar ko-ta-kwana a takardar izini idan hukumar garin ta yarda, musamman daga Satumba zuwa Oktoba, lokacin guguwa. Idan ba ka da lasisin tuƙin da Japan ta amince da shi, ka san cewa jadawalinka yana hannun mai tuƙa ka. Kuɗin da ke fita daga aljihunka na mota da masauki ne, jirgin ƙasa mai sauri daga Tokyo zuwa birnin Fukushima kusan yen 9,000 ne a 2019, bas ya fi araha, kuma jami'a tana biya ne daga baya, sai da rasit. A littafin daji kada ka rubuta zurfi da santimita kawai, ka haɗa da nauyin kowane bene, domin santimita ɗaya na saiwoyi ba ya tare abin da santimita ɗaya na yumɓu ke tarewa. Kada kuma ka ɗauki saurin saukar shekarun farko ka miƙa shi gaba a rahotonka. Wancan saurin na 134 ne, ya ƙare. Abin da ya rage 137 ne, yana raguwa da kashi biyu da ɗoriya cikin ɗari a shekara, nutsewarsa ma tana ƙara yin sanyi.

Masu tambaya ko wannan ilimin yana da amfani a gida, yana da shi. Gwaje-gwajen bama-bamai a sararin sama na shekarun 1950 da 1960 sun bar sisiyam 137 kaɗan a ƙasar duniya baki ɗaya, har da tamu. Faransa ta yi nata gwajin farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, kuma a kan waɗannan gwaje-gwajen Najeriya ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. Abin da ya rage a ƙasarmu bai kai na damuwa ba, amma saboda yana manne da ƙasa duk inda ta tafi, masu bincike sun yi amfani da shi a kudu maso yammacin Nijar wajen gano inda iska da ruwa suka kwashe ƙasa da inda suka jibge ta. Firam ɗin ƙarfen nan da faranti, duk maƙerin da ka kai wa zane zai ƙera maka su.